Ruwan da Ba Ya Tirjiya, Idan Aka Dagula Shi

A wani ɗakin gwaje-gwaje na Jami'ar Kambirij da ke Ingila, masana sun kwashe shekaru suna koyon yadda za su sa wani ɗan gajimare ya natsu tsit. Da ya natsu, sai suka shiga girgiza shi da gangan.

Gajimaren ba na ruwan sama ba ne. Ƙwayoyin zarra ne na wani ƙarfe mai laushi da ake kira rubidiyom, kimanin 100,000, an mai da su tururi, an tsare su a cikin gilashin da aka zuƙe wa iska sarai. Ba ƙarfe ba ne ya riƙe su, ba kuma roba ba. Da koren hasken leza aka gina musu zagayayyen ɗaki mai murfi biyu, wanda tsawonsa bai kai kaurin silin gashi ba, sanyin cikinsa kuwa ya fi na sararin da ke tsakanin taurari nesa ba kusa ba. Nir Navon, Alexander Gaunt, Robert Smith da shugabansu Zoran Hadzibabic sai suka sa ƙarfin maganaɗisu yana kai gajimaren gaba yana dawo da shi baya. Bayan ɗan lokaci su kashe hasken bangon, gajimaren ya bazu yana faɗuwa, su haska shi sau ɗaya, inuwarsa ta faɗa kan kyamara. Hoton nan guda shi ne ajalinsa. Mai son hoto na biyu sai ya sake haɗa sabon gajimare daga farko.

Abin da suka wallafa a mujallar Nature a 2016 shi ne cewa hargitsin yana da tsari. Ƙarfin da aka zuba a matsayin babbar igiya guda yana tsinkewa zuwa ƙananan igiyoyi, su ma su tsinke zuwa waɗanda suka fi su ƙanƙanta, bisa ƙa'idar da ake iya rubutawa da lissafi. Can ƙasa, igiyoyin sun manta ta wane gefe aka fara girgizar, suna tafiya kowace fuska daidai wa daida. Ƙwayoyin da suka fi kowa samun ƙarfi kuwa su tsallake bangon haske su fice.

Irin wannan aiki bai cika samun shiga jarida ba, kuma in ya samu, akan yi masa ado da alkawarin wata kwamfuta mai abin al'ajabi da za ta iso gobe. Ba ya bukatar wannan ado. Shi ne hanya mafi tsabta da masana fiziks suka samu ta tunkarar tambayar da ta gagari magabatansu fiye da shekara 100: yaya abu yake kasancewa idan ba a bar shi ya zauna lafiya ba, ana tura shi, ana zuba masa ƙarfi ta nan yana zubarwa ta can? Wanda ya gane nauyin wannan tambaya ba zai kira kuɗin da ake kashewa asara ba, kuma ba zai tsaya a ƙofar ɗakin gwaji yana jiran a miƙo masa abin sayarwa ba.

Tushen labarin yana cikin hiliyom. Duk ruwan da ɗan Adam ya saba da shi yana da tirjiya. Zuma ta fi man gyaɗa, man gyaɗa ya fi ruwa, amma ko ruwan rijiya aka tura cikin bututu sai an ci gaba da turawa, in an daina ya tsaya. A 1908 Heike Kamerlingh Onnes, a birnin Leiden na Holand, ya yi nasarar mai da iskar hiliyom ruwa, a kusan digiri 4 sama da maƙurar sanyi, wadda take digiri 273.15 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, inda babu sauran wani sanyi a bayansa. An ɗauki shekara 30 kafin a gane abin da ke faruwa idan aka ƙara saukar da wannan ruwa ƙasa da digiri 2.17 daga maƙurar. A watan Janairun 1938 takardu biyu suka fito a Nature kafaɗa da kafaɗa, ɗaya daga Pyotr Kapitsa a Mosko, ɗaya daga John Allen da Don Misener a Kambirij. Dukansu sun ga ruwan yana bi ta tsaga mai matuƙar ƙunci kamar babu komai a gabansa. Yana hawa bangon kofi a siririn shimfiɗa, ya tsallake baki, ya ɗiga ta ƙasa har kofin ya ƙare.

Kapitsa kansa ba da son ransa yake Mosko ba. Ya yi shekara 13 a Kambirij tare da masanin fiziks Ernest Rutherford, ya je gida ziyara a 1934, gwamnatin Stalin ta hana shi komawa. Mutumin da zai bayyana abin da ya gano, Lev Landau, an kama shi a watan Afrilun 1938, ya yi shekara guda a tsare. Kapitsa ya rubuta wa Stalin, ya rubuta wa Molotov, wani jigo a gwamnatinsa, yana mai cewa akwai sabon abu a hiliyom da yake bukatar Landau ya warware. Aka sako shi. A 1941 ya kawo bayanin.

Bayanin Landau ya cancanci a tsaya a kansa, domin duk abin da ya biyo baya a kansa ya rataya. A ruwa na yau da kullum kowace ƙwaya tafiyarta take yi, bangon bututu yana tare su ɗaya bayan ɗaya, yana rage musu gudu kaɗan-kaɗan. A ruwa marar tirjiya ƙwayoyin sun shiga hali guda, suna motsi tamkar jiki ɗaya, ba a iya cire ɗaya a rage mata gudu ita kaɗai. Hanyar da ta rage ta ƙwace ƙarfi daga kwararar ita ce a tayar da wata igiya a cikin ruwan, igiyar kuwa tana da mafi ƙarancin farashi. In gudun bai kai wani mizani ba, babu abin biyan farashin, don haka ruwan ya wuce abinsa. Lissafin ya ba da kusan mita 60 a sakan guda ga hiliyom.

Sai dai a ɗakin gwaji kwararar takan lalace tun gudun bai wuce 'yan santimita a sakan ba. A nan gizo yake saƙar. Lars Onsager a 1949 da Richard Feynman a 1955 suka nuna dalili: ruwan yana iya haifar da 'yan guguwa sirara, tsakiyarsu ba ta fi faɗin ƙwayar zarra ba, kuma juyinsu ƙidayayye ne, ɗaya ko biyu ko uku, babu ɗaya da rabi. Waɗannan zaruruwa su ne ke cinye ƙarfin. Ke nan tun ranar farko, babbar tambaya game da ruwa marar tirjiya ita ce yadda yake rasa wannan baiwa idan aka matsa masa. Hiliyom kuwa ba ya barin a leƙa. Ƙwayoyinsa a cunkushe suke, suna ture juna da ƙarfi, lissafinsu yana da wuyar gaske, guguwoyin sun yi ƙanƙanta ga ido da madubin ƙara girma.

Mafita ta fito daga wata wasiƙa. A 1924 wani malami a Jami'ar Dhaka, Satyendra Nath Bose, ya aika wa Albert Einstein gajeriyar takarda kan sabuwar hanyar ƙidaya ƙwayoyin haske. Einstein ya fassara ta zuwa Jamusanci da hannunsa, ya sa aka buga, sannan ya ɗora hanyar a kan ƙwayoyin zarra. Ya ga cewa in aka sanyaya iskar gas ƙwarai, wani babban kaso na ƙwayoyinta zai faɗa hali guda, su zama dunƙule ɗaya. Shekara 70 ana jiran a ga wannan da ido. Ranar 5 ga Yuni, 1995, Eric Cornell da Carl Wieman a Boulder ta jihar Kolorado suka same shi da ƙwayoyin rubidiyom kimanin 2,000, a sanyin da bai fi kashi 170 cikin biliyan na digiri guda sama da maƙura ba. Bayan 'yan watanni Wolfgang Ketterle a jami'ar MIT ta Amurka ya yi da sodiyom, da ƙwayoyi masu yawa ninki-ba-ninki. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta 2001.

Yadda ake kaiwa wannan sanyi mataki biyu ne. Da farko hasken leza daga fuska shida yana dukan ƙwayoyin, duk wadda ta nufi wani gefe hasken da ke can ya rage mata gudu. Daga nan a riƙe su da maganaɗisu, a riƙa sauke bakin tarkon sannu a hankali, masu zafin ciki su tsere, na baya su ƙara sanyi. Aikin randa ke nan: ruwan da ya tsattsafo ta jikinta ya bi iska shi ke tafiya da zafi, na ciki ya yi sanyi. Abin da ya rage a ƙarshe gajimare ne da ya fi iskar da ake shaƙa sakayau kusan sau 100,000.

Akwai wani abu a nan da ba a cika faɗa ba. Ko a lokacin da gajimaren ya fi natsuwa, natsuwar aro ce. A irin wannan sanyi halin rubidiyom na asali shi ne ya daskare ya zama ƙarfe. Sakayau ɗin da aka yi masa ne kawai ke jinkirta haɗuwar ƙwayoyin, ya ba masu bincike 'yan sakanni ko minti guda su yi abin da za su yi.

To me ya sa ba a tsaya a nan ba, a auna shi yana kwance, a rubuta, a rufe littafi?

Domin abu a kwance shi ne sashen da fiziks ya riga ya iya. Tun zamanin Ludwig Boltzmann da Josiah Willard Gibbs, a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, an san cewa abin da aka bari ya huce har ya daidaita ana iya bayyana shi da lambobi kaɗan: zafinsa, matsinsa, girman mazubinsa. Ba ruwan lissafin da tarihinsa, ko jiya aka tafasa shi ko daga ƙanƙara ya narke. Wannan gagarumar nasara ce, a kanta aka gina injin jirgi da firji da masana'antar taki. Amma hadarin da ke tasowa daga gabas bai daidaita ba. Jinin da ke gudu a jijiya bai daidaita ba, haka harshen wuta, haka iskar da ke bin fiffiken jirgi. Ga waɗannan babu ƙa'ida guda da ta game su duka. Andrey Kolmogorov ya kawo bayanin yadda manyan guguwa ke tsinkewa zuwa ƙanana a 1941, amma lissafin kwararar ruwa na asali ya kasance da wuyar da a shekarar 2000 Cibiyar Clay ta Amurka ta sa dala miliyan 1 ga wanda ya warware wata tambaya guda a kansa.

Gajimaren sanyi yana da abubuwan da hadari ba shi da su. A ware yake, babu abin da ke taɓa shi sai abin da mai bincike ya ga dama. Motsinsa a hankali yake, ana iya bin sa mataki-mataki. Tun 1998 aka nuna a MIT cewa da murɗa ƙarfin maganaɗisu ana iya sauya yadda ƙwayoyin ke ture juna. Ana iya matse shi ya zama faifai, ko zare, ko zobe. Guguwarsa kuma ƙidayayya ce, ana ganinta a hoto a matsayin baƙin ɗigo.

Da wannan dama aka fara tsokana. A 1999 a MIT an ratsa dunƙulen sodiyom da sandar haske ana kai ta ana kawowa. Ƙasa da gudun kusan milimita 1.6 a sakan, gajimaren kusan ko gezau; sama da haka ya fara ɗumi. A 2000 a Paris, ayarin Jean Dalibard ya juya gajimare da haske, suka ga ɗigo ɗaya ya bayyana, da aka ƙara sauri biyu, uku, huɗu. Shekara guda bayan haka MIT ta jera fiye da 100 a sahu-sahu. A cibiyar NIST da ke Maryland an yi zobe, aka sa gajimaren yana zagayawa, aka janye hannu, ya ci gaba har sakan 40. Da aka sa masa shingen haske ya matse hanyar, gudun ya haura mizani a daidai shingen, zagayen ya mutu.

Gwajin da ya fi girgiza masana shi ne na Toshiya Kinoshita, Trevor Wenger da David Weiss a Jami'ar Jihar Pennsylvania a 2006. Sun raba ƙwayoyin rubidiyom cikin dubban bututun haske masu matuƙar ƙunci, inda ƙwaya ba ta da hanya sai gaba ko baya. Sai suka buge su da haske, rabi suka nufi wannan gefe, rabi wancan, tarkon ya dawo da su, suka haɗu a tsakiya, suka sake rabuwa, suka sake dawowa. A gas ɗin da ke da sarari ta kowane gefe, karo kamar uku ga kowace ƙwaya ya isa komai ya gauraye ya daidaita. A cikin waɗannan bututu an yi karo dubbai, ba su daidaita ba. Abin da kowane ɗalibi ya haddace, cewa duk abin da aka ƙyale ƙarshensa ya huce ya manta da farkonsa, ashe yana da sharaɗi. Wannan sakamako guda ya buɗe fage sukutum na bincike kan yaushe abu ke mantawa, yaushe kuma yake riƙe tarihinsa.

Wani reshen ya haɗa ɗakin gwaji da farkon duniya. A 1976 Tom Kibble na Kwalejin Imperial da ke Landan ya yi tunanin cewa sararin samaniya, sa'ad da yake hucewa da sauri a farkonsa, sassansa masu nisa da juna ba su samu damar daidaita zaɓinsu ba, don haka inda suka haɗu dole a samu tabo. A 1985 Wojciech Zurek na cibiyar Los Alamos ta Amurka ya ce ana iya gwada wannan a ruwa marar tirjiya, ya kuma yi hasashen yawan tabon gwargwadon saurin sanyayawa. A 2008 a Jami'ar Arizona an sanyaya gajimare ba tare da an juya shi ba, sai ga guguwa ta fito da kanta, wani lokaci ta juya dama, wani lokaci hagu. Sannan a 2018 ayari biyu, ɗaya a Heidelberg ta Jamus, ɗaya a Vienna ta Ostiriya, suka jefa gajimarensu nesa da daidaito, suka ga cewa kafin ya huce yakan shiga wani zango inda siffarsa ta gaba kwafin ta baya ce, girma kawai ya sauya. Masana lissafi irin su Jürgen Berges sun yi hasashen wannan zango suna nazarin farkon sararin samaniya da karon manyan ƙwayoyi a injinan bincike. Abu mafi zafi da aka sani da abu mafi sanyi suna bin salon lissafi iri ɗaya.

Duk waɗannan gajimare ne da aka buga sau ɗaya aka saki, ko aka girgiza na ɗan lokaci. Akwai wani rukuni da bai taɓa sanin hutu ba, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya buɗe ido da kyau.

Ana gina madubai biyu daga siraran shimfiɗu na irin sinadaran da ake yin kayan lantarki da su, a bar tazarar da ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba a tsakaninsu. Hasken da ya shiga yana kaiwa yana komowa, yana haɗuwa da motsin lantarkin da ke cikin shimfiɗar, su zama wata ƙwaya ruwa-biyu, rabi haske rabi abu, da ake kira folariton. Ba ta da nauyi ko kusa da na ƙwayar zarra, saboda haka ba ta bukatar tsananin sanyi: a 2006 an ga dunƙulenta a digiri 19 sama da maƙura. Amma ranta gajere ne ƙwarai, 'yan kaso cikin tiriliyan na sakan, sai hasken ya sulale ta jikin madubi. Dole leza ta ci gaba da zubo sababbi ba tsayawa. A 2009 a Paris, Alberto Amo da abokan aikinsa a ayarin Alberto Bramati da Elisabeth Giacobino suka tura wannan ruwan haske ya bi ta kan wani lahani a cikin shimfiɗar. Da ƙwayoyin suke kaɗan, hoton ya nuna igiyoyi suna fantsama daga lahanin. Da aka ƙara yawansu, igiyoyin suka ɓace, ruwan ya kewaye ya wuce sumul. A 2017 masu bincike a Lecce ta Italiya da Montreal ta Kanada suka nuna irin haka a zafin ɗaki, babu firji ko ɗaya.

Kanun labarai sun yi murna, kuma akwai abin murna. Amma masanan cikin fagen ba su rufe maganar ba, kuma sun kyauta da ba su rufe ba. A hiliyom alamomin rashin tirjiya tare suke zuwa: ratsa shinge ba fantsama, zagaye marar ƙarewa, ƙin bin mazubi in an juya shi, guguwa ƙidayayya. A ruwan da ake ciyarwa ba tsayawa, alamomin suna iya rabuwa, a samu wannan a rasa wancan. A 2018 Richard Juggins, Jonathan Keeling da Marzena Szymańska suka yi lissafin da ya nuna cewa idan leza ce kai tsaye take tsara wa ƙwayoyin takunsu, ruwan ya fi kama da abin da aka ƙulle a wuri guda, wanda ba ya amsa turi kowane iri, kuma hakan dabam yake da abin da Landau ya bayyana. Kafin nan, a 2015, Ehud Altman da abokansa sun nuna cewa a shimfiɗa mai faɗi sosai, zubowa da zubewar da ba ta tsayawa tana iya rusa tsarin gaba ɗaya, bisa wani lissafi da Mehran Kardar, Giorgio Parisi da Yi-Cheng Zhang suka rubuta a 1986 don bayyana yadda gefen abu mai girma ke yin gargada, irin bakin wuta da ke cin takarda a hankali. A 2022 ayarin Jacqueline Bloch a kusa da Paris ya auna sawun wannan lissafi a cikin jerin folariton. Wannan muhawara ta fi kanun labaran daraja, domin tana tilasta wa masana su tantance wace alama ce ginshiƙi, wace ce ta zo rakiya.

Mai tambaya zai ce duk an ji, amma ina amfaninsa ga mai fama da tsadar abinci? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba ta cancanci amsar yaudara ba. Babu wanda zai cika tukunya da gajimaren rubidiyom, kuma duk mai cewa ruwan haske zai maye gurbin kwamfutar da ke kan tebur nan da 'yan shekaru yana faɗin abin da bai tabbata ba.

Amfanin da ake iya nunawa da yatsa ya fi wannan sauƙi. Babban injin bincike na CERN da ke kusa da Geneva, mai kewayen kilomita 27, maganaɗisunsa suna jiƙe cikin hiliyom marar tirjiya a digiri 1.9 sama da maƙura, saboda yana kwashe zafi fiye da jan ƙarfe. Iyakar zafin da zai iya kwashewa kuwa cukurkuɗaɗɗun zaruruwan guguwar nan ne ke yanke ta, kuma injiniyoyi suna aiki ne da ƙa'idar da aka samo daga aune-aune tun 1949, wadda Joe Vinen ya danganta da guguwoyin a 1957. A sama kuma akwai tauraron Vela, gawar wani babban tauraro da ta matse ta koma faɗin kimanin kilomita 20, tana juyawa sau 11 a sakan. Juyinta yana raguwa a hankali, amma a 1969 aka ga ta ƙara sauri farat ɗaya, kuma tana maimaita haka bayan 'yan shekaru. Bayanin da Philip Anderson da Naoki Itoh suka bayar a 1975 shi ne cewa cikinta ruwa ne marar tirjiya, guguwoyinsa suna maƙale, sai su kuɓuce gaba ɗaya su miƙa wa ɓawon tauraron juyinsu. Ba wanda zai je can ya duba. Wurin da ake iya ganin guguwa irin wannan tana maƙalewa tana kuɓucewa shi ne kan teburin gwaji. Kuma yana da kyau a tuna cewa lantarki marar tirjiya, wanda Onnes ya gano a 1911 yana bin sha'awar sanyi kawai, ya yi kusan shekara 70 kafin ya zama injin MRI da ke leƙa cikin jikin majinyaci.

Saura batun su wa ke da kujera a wannan zaure. Ana yawan ɗauka cewa na Amurka da Turai ne kaɗai, tarihin fagen kuwa bai goyi bayan haka ba. Daga Dhaka wasiƙar farko ta fito. Rahoton farko na hargitsin guguwa a gajimaren sanyi, a 2009, daga São Carlos ya fito, wani matsakaicin gari a jihar São Paulo ta Birazil, a ɗakin gwajin Vanderlei Bagnato, inda suka karkaɗa tarkon maganaɗisu har guguwoyin suka sarƙe da juna. Hakan bai faɗo daga sama ba. Kundin tsarin mulkin jihar na 1989 ya ware kashi 1 cikin 100 na harajinta ga hukumar tallafa wa bincike ta FAPESP, kowace shekara, ko wane ne gwamna. Mai gina irin wannan ɗaki yana bukatar ya san cewa kuɗin bana zai zo baɗi, domin leza da injin zuƙe iska ba sa jure yankewar lantarki, kuma horar da ɗalibi ɗaya yakan ci shekaru.

A Afirka ƙofar da ke buɗe a yau ita ce ta lissafi. Ƙa'idar da ke bayyana motsin waɗannan dunƙule, wadda Eugene Gross da Lev Pitaevskii suka rubuta kowa daban a 1961, ana iya warware ta a kwamfutar tafi-da-gidanka, a ga guguwa tana haihuwa tana mutuwa a kan allo. A Jami'ar Yawunde ta Ɗaya da ke Kamaru, Farfesa Timoléon Crépin Kofané da ɗalibansa sun wallafa takardu da dama a mujallun duniya kan yadda igiyoyi ke tasowa su wargaje a cikin irin waɗannan dunƙule. Cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste a 1964 tana karɓar masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, cibiyar lissafi ta AIMS kuma tana da rassa a Ghana, Kamaru, Senegal da Ruwanda ban da uwarta a Afirka ta Kudu. Ghana ce ma ta gabatar wa Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ƙudurin da aka amince da shi a watan Yunin 2024, wanda ya ayyana 2025 shekarar kimiyyar kwantam ta duniya, wato fannin da duk wannan bincike ya rataya a kansa.

Shekarar biki takan ƙare a jawabai kan kwamfutar gobe da tsaron sirri. Abin da zai fi amfani shi ne asusu irin TETFund na Najeriya ya ɗauki nauyin ƙananan ayari a sassan fiziks na jami'o'i, malami da ɗalibai kaɗan, da intanet mai ƙarfi da kuɗin zuwa taro, na tsawon shekarun da za su isa a yaye masu digirin digirgir, ba tare da an tambaye su kayan da za su kai kasuwa ba. Aikin da za su tarar yana nan jibge. Ayarin da ke auna folariton da gajimaren sanyi suna fitar da hotuna fiye da yadda masu lissafi ke iya bayyanawa, kuma tambayar da Altman da abokansa suka tayar, ko shimfiɗar ruwan haske mai faɗi za ta riƙe tsarinta ko guguwoyi za su ɓalle su cinye shi, tana cikin waɗanda ake kai wa hari da kwamfuta da alƙalami.